Shekarar da Duniya Ta Ƙaru a Damare

Duk wanda ya zauna a Nassarawo ta Jimeta zamanin da ake ce mana Jihar Arewa maso Gabas ya san Malam Nata'ala marini, in kuwa ya san shi to ya sha labarin girman duniya, ko yana so ko ba ya so. Ka je karɓar rininka, ka dawo da lacca a kunne. Mutumin nan ya kafe kai da fata cewa duniyar da muke takawa ƙaruwa take yi kowace shekara, kamar ƙullun waina da ya kwana, mu ne dai ba ma lura.

Hujjoji kuwa yana da su buhu-buhu. Ya ce da can yakan taka daga Jimeta zuwa Yola ya dawo bai ji komai a jikinsa ba, yanzu kuwa sai ya nemi inuwa ya huta a hanya, to in ba hanyar ce ta miƙe ba, mene ne? Ba a taɓa samun mai ƙarfin halin da zai nuna masa gwiwoyinsa ba. Ya ce a dubi tsofaffin gidajen Yola yadda ƙofofinsu suka nutse, sai mutum ya sunkuya yake shiga, ai ƙasa ce ke kumbura tana hawa. Ranar da aka raba Arewa jiha-jiha aka ce daga yanzu Maiduguri za mu riƙa kai kukanmu, har rawa ya kusa takawa a bakin marina. Ya ce to ga shi nan, ƙasa ta yi wa Kaduna yawa, dole aka yanyanka ta. Amma duk waɗannan ƙananan hujjoji ne, babbar tana can Damare.

A fadamar Damare, bakin Binuwai, Nata'ala yana da gona, jikinta kuma akwai ta amininsa Malam Absalom, malamin makaranta, mutumin kudancin Adamawa. Asali gona ɗaya ce. Mahaifin Nata'ala ne ya raba ta biyu ya ba Absalom rabi, lokacin da ya zo Jimeta yana saurayi, ba shi da komai sai akwatin kwano da keken aro. Tun daga nan Absalom yake ce wa Nata'ala Hamma, wato yaya, shi kuma yake ce masa Ticha.

To wurin nan, kowace damina kogi yakan cika ya hau kansa, ya lashe iyaka da kunyoyin gona gaba ɗaya. Abin da ke tsira kawai tsamiya ce a gabas, da giginya a yamma, sai wani baƙin dutse da ke zaune wajen tsakiya ba ruwansa da kowa. Saboda haka in ruwa ya janye, lokacin dashen masakwa, dawar nan ta rani, sai a fitar da iyaka sabuwa. Nata'ala ya auna igiya bakwai daga gindin tsamiya, Absalom ya auna bakwai daga gindin giginya, su haɗu a tsakiya cif, su kafa turke. Igiyar ma ba ta kasuwa ba ce. Mahaifin Nata'ala ne ya tuƙa ta da hannunsa da rama, ya bi ta da zare guda da ya rina shuɗi don kada ta saje da ta mutane. Shekara guda tana rataye a gidan Nata'ala, shekara guda a gidan Absalom.

Awon kansa ba ya kai hantsi, amma ranar awo sai magariba take ƙarewa. Kaltume matar Nata'ala ta zo da soyayyen kifi da dambu, Fibi matar Absalom ta zo da tukunyar kunun gyaɗa, a shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya. Jauron wurin, wato mai gari, ya zo shaida, ya kuma shaida kifin da kyau. Mazan su yi ta musu, matan su yi ta dariyarsu can gefe. Tun da aka mayar da Absalom wata makaranta a Yola ya kwashe iyalinsa, ranar nan ce kaɗai a shekara da aminan suke yini tare tun safe har yamma. Sauran lokaci sai dai gaisuwar tsaye a kasuwa, kowa na sauri. Nata'ala bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma yana son ranar nan fiye da yadda yake son masakwar kanta.

Shekarar da aka karɓi mulkin kai abin ya soma. Aka auna bakwai, aka auna bakwai, sai ga turaku biyu sun ƙi haɗuwa, an bar fili a tsakani kamar tsawon tabarma. Aka sake awo, haka. Nata'ala ya tsaya ya dubi filin nan, ya dubi sama, ya ce ashe har ƙasa ta ji daɗin tafiyar Bature, ga shi ta haihu. Absalom ya ce shirme, sun dai ja igiyar ba daidai ba ne. To filin na wa? Nata'ala ya ce shi bakwai aka bar masa, ba zai ci abin da ba nasa ba. Absalom ya ce shi ma haka. Da musu ya yi tsawo sai Kaltume ta ce, tana kallon ƙasa, in ba mai so su ba su, ita da Fibi su ɗan yafa kuɓewa kada wuri ya zauna banza. Aka ce su ɗauka.

Badi fili ya ƙaru. Wata badin ya sake ƙaruwa. Kafin a gama yaƙin basasa, wurin da aka fara da layin kuɓewa guda ya zama lambu sosai, ga yakuwa, ga gauta, ga barkono, har da 'yar rumfa da matan suka kafa suna shan iska. Kowace shekara Nata'ala yana ƙara faɗi a marina, Absalom kuwa yana ƙara tsuke fuska. Har ƙwallon duniya na makaranta ya taɓa ɗaurowa a bayan keke ya kawo gindin tsamiya, ya juya shi, ya yi bayani kamar yana gaban 'yan aji. Ya ce masana sun auna duniya sun sake aunawa, tana nan yadda take. Kogi dai yakan ɗebi ƙasa a wannan gaɓa ya zuba a waccan, amma ba ya ƙirƙiro sabuwa, in kuwa ƙaruwa take yi to daga ina ƙarin ke zuwa? Nata'ala ya ƙwanƙwasa ƙwallon da yatsa, ya ji ya yi ƙarar gwangwani, ya ce wannan kam ya yarda ba ya girma, shi ma bai taɓa ganin gwangwani ya girma ba. Daga ina ƙarin ke zuwa kuwa, ya ce a tambayi kabewa daga ina nata yake zuwa. Haka suka yini, suka rabu kowa ya ƙoshi.

Ana nan sai Ishmael, babban ɗan Absalom, ya zo hutu daga Maiduguri inda yake aiki a ofishin safiyo. Yaro ne mai ladabi, ba ya wuce Nata'ala bai durƙusa ya ce Bappa, wato baffa, ba, amma irin yaran nan ne da in suka ga abu a karkace ba sa iya barci sai sun miƙe shi. Ya ji tsofaffi biyu suna wahalar da kansu kowace shekara da igiya cikin taɓo, tausayi ya kama shi. Ya sayo siminti da kansa, ya ce zai raba lambun tsakiya biyu, ya kafa turakun siminti masu zurfi waɗanda kogi ba zai iya tumɓukewa ba, shi ke nan an huta da awo har abada.

Har abada ɗin nan ita ta soki Nata'ala. In ba awo, me zai fito da Ticha daga Yola ya yini a Damare? 'Yan ƙwadago za su dasa masa masakwa, su yanke, su kai masa gida. Amma dattijo kamar Nata'ala ba zai buɗe baki ya ce wa yaron da aka haifa a gabansa kada ka raba ni da babanka ba, kunya ba za ta bar shi ba. Sai ya ce ba a kafa siminti a kan abin da ke girma, kamar ka ɗinka wa jariri rigar da zai sa har ya yi gemu ne.

Magana ta kai gaban Jauro. Jauro ya saurari kowa, ya tuna cewa bara turken Nata'ala a jikin baƙin dutsen nan ya faɗa daidai, kowa ya gani. Ya yanke cewa bana a auna kamar kullum, Ishmael da kansa ya ja igiya don kada a ce tsofaffi sun yi sako-sako. In turke ya sake kai dutse, duniya tana nan yadda take, a zuba siminti. In ya kasa kaiwa, to ƙasa ta ƙaru, yaro ya tafi da simintinsa. Ishmael ya ce ya yarda, yana murmushin wanda ya riga ya ci. Nata'ala ya ce shi ma ya yarda, da ma ai abin da yake nema ke nan. Abu guda ne ya dame shi. Tun da aka zauna har aka tashi Absalom bai ce uffan ba, yana ta goge tabarau da gefen riga. Nata'ala ya koma gida ransa a ɓace, yana cewa a ransa ashe Ticha ya gaji da shi ne.

Ana gobe awo, da hantsi, Ishmael ya kawo igiya daga Yola a naɗe cikin buhu, don bana a gidansu ta shekara. Nata'ala ya rataye ta a ɗakin ajiya. Kaltume ta tafi barka a maƙwabta, gida ba kowa, sai ya ji kwaram a madafa. Akuya ce ta samu ƙofa a buɗe. Ku sani fa, Malam Nata'ala rabonsa da shiga madafar gidansa tun yana ango, abinci dai yakan fito daga can ya same shi a zaune, bai taɓa tambayar hanyar da ya biyo ba. Ranar dole ta sa ya shiga da sanda. Ya kori akuya, ya tsaya yana haki, idonsa ya saba da duhun wurin, sai ya ga shuɗi.

Ludayi yana rataye da ɗan guntun igiya mai shuɗin zare. Maburgi ma haka. Ɗaurin tsintsiya, hannun faifai, wuyan goran man shanu, ko'ina ya juya rinin mahaifinsa ne ke kallonsa. Marini ba ya ɓata rinin gidansu ko cikin duhu. Ya ciro ludayin ya juya shi, ya zauna a kan turmi a hankali. Nata'ala ba wawa ba ne, taurin kai kawai gare shi. Nan take lissafin ya zo masa: in aka rage igiya da taƙi guda, aka auna bakwai nan bakwai can, ai dole a samu tabarma a tsakiya. Duniyar da ya shekara goma yana wa mutane wa'azinta, ashe a madafarsa ake girmar da ita da wuƙar yanka kuɓewa.

A nan Kaltume ta dawo ta same shi, ludayi a hannu. Ta dube shi, ta dubi ludayin, ta cire mayafinta ta rataye ba gaggawa.

"Kaltume, mene ne wannan?"

"Ludayi ne, Malam."

Ya ce ba ludayin yake tambaya ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta ba shi labari tiryan-tiryan kamar mai ba da labarin kasuwa. Na farko ba da niyya ba ne, maratayi ya tsinke mata, ta ga igiya zaune ba aikin fari ba na baƙi, ta ɗan gutsura ta mayar da ƙulli. Sai da suka je Damare ta ga abin da ya haifar. Ta faɗa wa Fibi, suka yi dariya har suka kusa shiɗewa. Da shekara ta zagayo igiya tana gidan Fibi, ita ma sai maratayinta ya tsinke.

"Shekara nawa ina roƙonka ɗan gefen da zan sa kuɓewa?" in ji ta. "Kullum sai ka ce badi. Da duniya ta ba ni, ai ban ga ka yi fushi ba. Murna ka yi ta yi."

Nata'ala yana so ya yi faɗa, amma ya rasa ta inda zai kama, don miyar kuɓewar nan shi ya fi kowa sha, har yakan ce ta sabuwar ƙasa ta fi yauƙi. Can sai wani tunani ya zo masa, ya ɗan ji sanyi, ya tambaye ta a hankali ko bana ma an taɓa. Ta girgiza kai. Ta ce tun da magana ta kai gaban Jauro suka yi shawara da Fibi suka ce su tsame hannunsu, wasa ya zama shari'a, su ba za su ja wa mazansu abin kunya ba. Lambu kuwa in ya tafi ya tafi, sun ci rabonsu.

Nata'ala ya fita. Ya zauna a zaure, abinci ya zo ya koma. Kunyar 'yan marina ba ta dame shi sosai ba, su yi dariya su gaji. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne gobe turke zai kai dutse, a kwaɓa siminti, a sha kunun gyaɗa na ƙarshe a gindin tsamiya, kowa ya kama gabansa. Ya tuna yadda Ticha yake tattare wando yana shiga taɓo yana mita, ya ji idonsa ya yi zafi. Tsoho da shi, wallahi sai da ya share da hannun riga.

Bayan la'asar ya tashi ya shiga ɗakin ajiya, wai zai duba igiya ko ɓera ya taɓa. Bai warware ta ba, bakin da ke waje kawai ya jawo. Ya dube shi da kyau, ya ga kamar ya ɗan fara tsufa. Kai, ya tsufa ƙwarai. Abin gado kuwa ai ba a barinsa ya lalace, gyara wajibi ne. Ya zaro wuƙarsa ya yanke kamu guda cur, ya mayar da ƙulli, ya shafa masa toka don kada ya yi sabo. Ya ce a ransa shi dai ba zai yi rantsuwa ba, ba kuma zai ce wa kowa komai ba, abin da turke ya faɗa shi ke nan. Har gonarsa ma za ta ragu, wa ya cuta? Guntun ya cusa a aljihu, ya fito yana tari. Kaltume tana tsakar gida tana gyaran kifi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Da safe Damare ta cika. Labari ya zaga, 'yan marina sun rufe aiki sun zo, masunta sun jingine kwalekwale, har wani mai shayi ya biyo jama'a da butarsa. Ishmael ya sauke buhun siminti daga kan jaki, ya naɗe hannun riga. Absalom ya iso a kekensa, ya gaida Hamma a gajarce, idonsa na wani wajen. Kaltume da Fibi suka wuce can gindin tsamiya suka hau hura wuta kamar ba su san abin da ya tara mutane ba.

Aka warware igiya. Ishmael ya kama baki guda ya ɗaura a gindin tsamiya, ya ja ta har tana ƙara, aka soka kara, aka matsa gaba. Nata'ala yana biye, yana tsammanin za a samu 'yar rata kamar tabarma biyu, daidai yadda zai ɗaga kai ba tare da an yi zargi ba. Da aka kai ta biyar ya ga dutse bai matso ba. Ta shida, dutse yana can yana hutawa. Da aka soka turke a ta bakwai, sai da Jauro ya sa hannu a goshi kafin ya hango dutsen. Tabɗi! Wannan ba girma ba ne, kumburi ne. Aka auno daga giginya, can ma haka. Filin tsakiya ya tashi daga lambu ya zama gona mai sunan gona, gonakin mazan kuwa suka takure gefe-gefe kamar baƙi.

Nata'ala ya sake duban igiyar. Kamu guda ya yanka, ya san abin da ya yanka, to wannan ɓarna daga ina? Ya waiga gindin tsamiya, ya ga mata biyu sun sunkuya a kan tukunya ɗaya suna juya kunun da ba ya bukatar juyi, kafaɗunsu na rawa. To, ya ce a ransa, an tsame hannu ke nan. Amma ko da nasu, lissafi bai cika ba.

Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya bakin igiyar, wanda ke cikin naɗi jiya bai gani ba. Yankan mata ya san shi yanzu, wuƙar madafa takan bar gashi-gashi. Wannan kuwa an yanke shi sumul da reza, an ɗaure shi da wani ƙulli mai kyau, murabba'i, irin wanda mutum ɗaya tak ya sani yana koya wa 'yan sikawut a filin makaranta. Ya ɗago a hankali. Absalom yana tsaye yana goge tabarau.

Ishmael fa ba a banza ya yi karatu ba. Ya tattaro igiyar, ya auna ta da hannunsa, ya dubi tsawonta, ya dubi tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya.

"Baba," ya ce, "igiyar nan..."

"Igiyar nan ta girme ka," in ji Absalom. "Ajiye ta."

Yaron ya juya wajen uwarsa, Fibi ta yi masa kallon da ta saba yi masa in ya buɗe baki a gaban baƙi. Ya dubi Bappa Nata'ala, ya ga wani abu shuɗi na leƙowa daga aljihunsa. Ya kau da kai yana cije leɓe, ya naɗe igiyar da ladabi ya ajiye. Jauro, wanda ƙamshin kifi ya riga ya kai masa, ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce da Hausarsa ta mutanen Yola, "Duniya ya ƙaru bana." 'Yan marina suka ɗauki shewa. Siminti kuwa Fibi ta ce a mayar kan jaki, daɓen madafarta ya daɗe da fashewa.

Da jama'a suka watse aka ci aka sha, matan suka tafi zagaya sabuwar ƙasarsu suna nuna inda za a sa albasa, aminan suka rage su biyu a kan tabarma. Nata'ala ya daɗe yana juya ludayi a cikin kunu kafin ya yi magana.

"Ticha, tun yaushe ka sani?"

"Tun shekara ta biyu, Hamma. Ni ina shiga madafar gidana."

"Ka bar ni ina ta zuba a marina?"

"In na faɗa maka, da wa zan yi musu?"

Nata'ala ya tambaye shi to me ya hana shi magana a gaban Jauro, ya bar shi ya kwana da ciwon rai. Absalom ya ce shi malamin makaranta ne, ba zai tsaya gaban ɗansa ya ce duniya na girma ba, ko za a yanka shi. Kuma har yanzu ba ta girma, kada Hamma ya ɗauka ya ci. Nata'ala ya ce wannan kuma sai badi, yana da sababbin hujjoji. Suka yi dariya har Absalom ya cire tabarau ya goge ido, wannan karon da dalili.

Can Nata'ala ya jawo igiyar ya ɗora a cinya. Da can sai an saɓa ta a kafaɗa, yanzu hannu ɗaya ya ishe ta. Ya shafa shuɗin zaren mahaifinsa da babban yatsa.

"A haka fa wata rana za ta ƙare," ya ce.

Absalom ya dubi igiyar, ya dubi furfurar amininsa.

"Kafin ta ƙare, Hamma, mu an riga an auna mu da kara."

Nata'ala ya cika ƙwarya da kunu ya miƙa masa, ya ce ya sha tun da ɗuminsa, hanyar Yola ta ƙara nisa bana.